Had dis ɗina ya mutu da aikin mutane a ciki, wace manhaja zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya, yawanci furojet ɗin ɗalibai muke yi. Watan jiya had dis ɗin kwamfutata ya mutu da aikin mutum tara a ciki, wallahi na sha kunya. Ina son manhajar da za ta riƙa bakof da kanta ba sai na tuna ba, kuma kar ta dame ni da saƙonni ko ta sa kwamfutar nauyi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. In Windows kake amfani da ita ba sai ka sayi manhaja ba, akwai File History a ciki tun Windows 8, had dis na waje kawai za ka nema ka jona ka kunna ta a Control Panel, ita kuma duk awa ɗaya tana kwafe abin da ya canza shiru abinta, har tsohon kwafin fayil tana ajiyewa, ka ga in yaron shago ya goge babi na uku sai ka dawo da na jiya. Masu Mac nasu Time Machine ne. Amma ka lura, foldoji irin su Documents da Desktop take ɗauka, in a sashen D na had dis kake zuba aiki sai ka ƙara wannan foldar a cikin File History da kanka.

Nasan za ka ce ai ga Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet. Eh, 15GB kyauta, OneDrive kuma 5GB, sai dai waɗannan daidaita fayil suke yi, abin da ka goge a kwamfuta can ma ya tafi, kwana 30 kawai yake yi a kwandon sharar Google. Ga cin data kuma. Ni dai takardun Word zalla zan tura can, ba su da nauyi, kuma ko gobara aka yi a shago, Allah ya kiyaye, suna nan.

Sai dai kar ka bar dis ɗin na waje a jone kwana da kwanaki, bairos mai kulle fayil har shi yake haɗawa, ɗauke wuta kuma yana lalata shi in yana cikin kwafa, shi ya sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne yana da amfani. Ranar Juma'a kafin ka rufe shago ka ɗauki fayil ɗaya ka gwada dawo da shi ka ga ko yana buɗewa.