Manhaja ta ƙi tashi bayan sabunta Debian sid

Ka ce tun da ka sabunta Debian sid, wato reshen Debian Linux da sabbin kunshin manhaja ke fara shiga, manhajar da ka harhaɗa da hannunka ta ƙi tashi, tana kukan ba ta ga libssl.so.1.1 ba (laburaren OpenSSL ce, wato fayil ɗin da manhajoji ke dogara da shi wajen ɓoye bayanai), har wani ya ba ka shawarar ka yi wa sabuwar, libssl.so.3, mahaɗi (symlink) da tsohon sunan. Ɗana, kada ka kuskura.

Lambar nan da ke bayan .so ba ado ba ce. Masu laburare suna canza ta ne idan sun sauya tsarin cikinta ta yadda tsoffin manhajoji ba za su iya aiki da ita ba. Abin da ya faru ke nan da OpenSSL 3.0 ta fito a 2021. Yi mata mahaɗi tamkar sa wa ƙofa makullin maƙwabci ne. Da OpenSSL ma da sauƙi, za ta tsaya ta ce ba ta ga OPENSSL_1_1_0 ba. Wata laburaren kuwa sai ta bar manhajar ta tashi lafiya lau, ana tsakiyar aiki ta faɗi, ka kwana kana neman dalili.

Fara da ldd, umarnin da ke jero laburaren da manhaja ke buƙata, a kan fayil ɗin manhajar, ka duba layin da aka rubuta "not found". Sannan ka tambayi dpkg -S ko wane kunshi ne ya kawo manhajar. Taka tana /usr/local, don haka zai ce ba kowa, wato apt, mai sakawa da cire kunshi a Debian, bai san da zamanta ba. Shi ya sa ya kwashe tsohuwar laburaren ba tare da ya waiwaye ka ba. Maganin shi ne ka saka libssl-dev, kunshin da ake buƙata don harhaɗa manhaja da OpenSSL, ka share tsohon gini, ka sake harhaɗawa daga tushe.

Da a ce manhajar ta Debian ce, to sabuntawar ce ba ta kammala ba. Sai ka gwada apt full-upgrade, amma ka karanta jerin abin da zai cire kafin ka amsa. A sid irin wannan sauyi yakan ɗauki kwanaki. In ka ga zai kwashe rabin na'urar, dakata tukuna.

Wani lokaci kuma fayil ɗin laburaren yana nan a /usr/local/lib, ba a dai gane shi ba. Wannan ldconfig kawai yake so, umarnin da ke sabunta jerin laburaren da na'ura ta sani.

Tsohuwar libssl1.1 tana snapshot.debian.org, rumbun tsoffin kunshin Debian, in aiki ya matse ka yau, sai dai tun Satumban 2023 masu ita suka daina yi mata gyaran tsaro kyauta. Kada ta kwana a na'urar da ke kan intanet.