Hukuncin ƙidayar namun daji don tsare gandun daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mu matasa ne daga wani ƙauye a ƙasar Daura. Mun haɗa kanmu, ba wanda yake biyan mu, muna shiga gandun dajin da ke kusa da mu da sassafe muna rubuta tsuntsaye da dabbobin da muka gani, da sawunsu, da bishiyoyin da suke sheƙa a kai, domin mu kai wa malaman daji da hakimi a hana sare wurin. Sai wasu dattawa suka ce wannan shisshigi ne cikin lamarin Allah, wanda ya halicci dabba shi ya san adadinta, kuma kai ƙarar maharba da masu gawayi annamimanci ne. Mene ne hukuncin aikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, aikinku halal ne, kuma idan kun kyautata niyya akwai lada a cikinsa.

Maganar dattawanku cewa Allah ne ya san adadin halittunsa gaskiya ce, sai dai ba ta hana bawa ya binciki abin da aka ba shi amanarsa ba, kamar yadda makiyayi yake ƙirga garkensa kowace yamma ba tare da wani ya ce ya yi tarayya da Allah cikin saninsa ba. A Suratun Namli, aya ta 20, Allah ya ba mu labarin Annabi Sulaiman, alaihis salam, cewa ya bi rundunar tsuntsaye yana dubawa, har ya lura babu alhudahuda, ya tambayi inda yake. Imamu Ƙurɗubi ya kafa hujja da wannan aya a kan cewa wajibi ne shugaba ya riƙa bibiyar halin waɗanda suke ƙarƙashinsa, tun da ƙaramin tsuntsu bai ɓace wa Annabi mai mulki ba. A Suratul An'am, aya ta 38, an kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu, a Suratul Baƙara kuma, aya ta 205, an lissafa halaka shuka da 'ya'yan dabbobi cikin ɓarnar da Allah ba ya so. Hana ɓarna farilla ce a kan jama'a, wadda idan wasu suka tsaya mata an ɗauke wa saura, kuma ba a iya hana ƙarewar abin da ba a san yawansa ko inda yake ba.

Ba sai an kawo mana labari daga nesa ba. Duk wanda ya kai shekara hamsin a Katsina ko Daura ya san lokacin da ungulu take cika mayanka da bakin kasuwa, yau kuwa yaro yana iya girma bai taɓa ganin ta ba. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai kashe ta da ake yi don sayar da kanta ga masu tsubbu, alhali ita ce take share mana mushe kafin ya zama cuta. Haka dabba da itace suke riƙe da juna: kuka da ɗorawa da dare furensu yake buɗewa, jemagu ne suke ɗaukar garin furen daga wannan bishiya zuwa waccan, saboda haka wanda ya kore jemage ya taɓa daddawar gidansa bai sani ba.

Keɓe daji kuwa abu ne sananne a fiƙihu, shi ne hima, abin da muke ce wa hurumi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, dukkansu wuraren kiwo ne a yankin Madina. Amma a nan nake so ku tsaya ku saurara da kyau. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da Umar ya naɗa bawansa Hunayyu mai tsaron hurumi, sai ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare dabbobin attajiran sahabbai Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da inda zai je sai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Wannan shi ne ma'aunin aikinku. Idan takardunku suka zama bulalar dukan matar da take tsince busasshen itace don ta dafa tuwo, ko Bafillatanin da ke bin burtalinsa, aka kuma rufe ido ga mai kuɗin da yake loda gawayi a manyan motoci, to ladan ya juye ya zama alhaki. Na daɗe ina ganin doka tana sauka a kan mai rauni kaɗai, abin yana ci mini rai, ba na so ku zama hannun da za a yi haka da shi.

Batun annamimanci, ma'anarsa ɗaukar magana tsakanin mutane don a ɓata tsakaninsu. Sanar da mai iko ɓarnar da take cutar da jama'a ba ya cikinsa, malamai ma sun lissafa neman taimako don kawar da abin ƙi cikin wuraren da ya halatta a ambaci laifin mutum. Duk da haka ku fara da nasiha a asirce, ku je wa sarkin dawa da mai unguwa, kada ku faɗi abin da ba ku gani da idonku ba. Ku sani farauta a asalinta ba haram ba ce, a Risala an ce ta wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce, amma shugaba yana da ikon hana kama wani nau'i idan maslaha ta buƙaci haka, kuma bin sa a nan wajibi ne.

Wurin sheƙar da kuka gano amana ne, kada ku yaɗa shi a Facebook inda mai neman kan ungulu zai gani. Kada ku taɓa ƙwai ko 'yan tsaki, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Annabi ya umarce su su mayar mata. Kada ku ƙara adadi ko ku rage don jan hankalin hukuma, wannan shaidar zur ce. Dajin da ɓarayi suka mamaye kuma, kamar sassan Rugu ta wajen Safana da Batsari, bai halatta ku jefa kanku cikinsa saboda ƙidaya ba, har sai aminci ya dawo. Ku koma wurin dattawanku da ladabi ku roƙe su su faɗa muku irin namun da suka sani a dajin nan suna yara, ku rubuta shi a farkon littafinku.

Wallahu a'alam.