Hajiya, kafin ki kori kowa, ki fara tambayarsu

Assalamu alaikum. Hajiya, da na ga tambayarki kan 'yan aikin gidan abincinki masu fashi ba sanarwa, kina neman mafita, wallahi sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Ni ma ina da gidan burodi a nan Garwa, a Kamaru.

Jajiberin ƙaramar sallar 2024 ba zan manta da shi ba. An kwaɓa fulawa buhu huɗu, masu shayi da masu shaguna duk sun biya tun da rana, babban mai gashina bai zo ba. Na kira, waya a kashe. Na tura yaro unguwarsu Jambutu, ɗakinsa a kulle. Ni da ƙanena muka tsaya gaban tanda cikin zafin Afrilu, ba mu san kan wutar ba. Kwaɓin ya kumbura har ya yi tsami, wanda muka gasa rabi ya ƙone. Da asuba mutane na shirin idi, ni ina mayar musu da kuɗinsu, kaina a sunkuye. Mutumin da ni na biya kuɗin asibiti ranar da matarsa ta haihu! Bayan kwana uku ya shigo, wai ya je ƙauye yin salla. Ko "yi haƙuri" bai ce ba. Har yanzu in na tuna, ƙirjina zafi yake.

Shi kam na sallame shi. Amma da na zaunar da sauran ɗaya bayan ɗaya, sai na ga nawa laifin. Albashi nakan riƙe shi har 10 ga wata. Yaron da ba shi da kuɗin moto, da me zai zo? Yanzu kuɗin mota daban nake ba su kowace Asabar, albashi kuma ƙarshen wata ko da bashi zan ci. Ki duba nawa kike biya ma, tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin aikinmu sefa 60,000 ne, da yawanmu ba mu kai ba.

Sai damina. Ruwa na sauka a Yuni, hankalinsu ya koma gona, masara ce, gyaɗa ce, auduga ce. Ba za ki yi takara da gona ba, Hajiya. Ki raba musu kwanaki tun kafin shuka, su tafi bi da bi. Agusta da Satumba kuma zazzabin sauro, in bai kayar da ma'aikaci ba ya kayar da ɗansa. Akwai wanda kullum Lahadi "ba shi da lafiya", ashe awaki yake kaiwa kasuwar Pitowa. Na mayar da hutunsa Lahadi, magana ta mutu.

Kuma don Allah kada aiki ya rataya a wuyan mutum ɗaya, shi ya kashe ni. Mai tuwo ta iya miya, mai wanke-wanke ta iya zuba abinci. Ki ajiye littafi kowa ya sa hannu da safe, wanda ya cika wata bai yi fashi ba ki ƙara masa ko sefa 5,000.

Dangi ne dai ban ba ki shawarar ɗauka ba. Ɗan yayata ya fi kowa fashi, in na yi magana uwarsa ta kira tana kuka, har yau yana nan.