Sabuwar motar lantarki: a saya yanzu ko a jira rangwame?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfani ya fitar da sabon samfurin motar lantarki, ko wata biyu ba a yi ba. Na gan ta, ta kwanta mini a rai, kuma kuɗin na hannu. Dila yana cewa in ban ba da kafin alƙalami yanzu ba, kashin farko zai ƙare. Abokina kuwa ya ce in dakata, za a karya farashi. Motar da nake hawa lafiyarta ƙalau. Wanne zan bi?
Daga wani ɗan kasuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ai ka ba kanka amsa da ka ce motarka lafiyarta ƙalau. Dakata. Zancen "kashin farko zai ƙare" zancen dila ne, kuma in ya ƙare na biyu na tafe. Kamfani bai gina masana'anta don ya ƙera kashi ɗaya ya rufe ba.

Abokinka yana da hujja. A watan Janairun 2023 Tesla ta zaftare farashin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa 52,990, wato kusan kashi 20 cikin ɗari a dare ɗaya. A ƙasar Sin waɗanda suka saya gab da ragin sai da suka yi dafifi a shagunan kamfanin suna neman a mayar musu da wani abu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar, farashinsa kuma sauka yake ta yi: a ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF, kowane kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) ya haura dala 1,000 a 2010, ya dawo 139 a 2023, ya sake sauka 115 a 2024. Ga kuma kamfanoni da yawa suna kokawa a kan masu saye. Wanda ya saya a watannin farko shi yake biyan kuɗin ɗoki.

Ba kuɗi kaɗai jira yake ceto ba. Motar shekarar farko ita ake gano kurakurai a kanta. Da Volkswagen ta fara miƙa wa mutane ID.3 a 2020, manhajarta ba ta kammala ba, sai daga baya aka cike abin da ya rage. Ba ta wata shida zuwa shekara, ka ji abin da masu hawanta suke faɗa, ba abin da mai talla yake faɗa ba.

Tambaya: To in haka ne, ni dai zan yi ta jira har farashi ya kai ƙasa. Yaushe ne hakan?
Daga wani ma'aikacin gwamnati

Amsa: Malam, babu wanda ya san ranar, kuma duk wanda ya ce maka ya sani yaudararka yake. Farashi yakan hau ma. Jamus ta soke tallafin sayen motar lantarki a Disambar 2023 kusan ba tare da sanarwa ba, masu jira suka wayi gari babu shi. A Amurka sauƙin haraji na dala 7,500 ya ƙare ranar 30 ga Satumba, 2025. Harajin shigo da kaya da canjin kuɗi su ma suna iya cinye duk ragin da kake hange. Sa wa kanka farashin da za ka iya da kuma wa'adi. In ɗaya ya cika, yanke shawara. Jiran gawon shanu ba dabara ba ce.

Tambaya: Na samu wata motar lantarki sabuwa dal, an rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta. Mai sayarwa ba wakilin kamfanin ba ne, da kansa ya shigo da ita. Ya ce garanti ba matsala, in wani abu ya faru in kira shi. Wannan ba ita ce damar da ake jira ba?
Daga wani matashi mai sabon aiki

Amsa: Ɗana, zauna mu yi magana, don wasiƙarka ta fi sauran tayar mini da hankali. Kowa yana tambaya ko ya saya yanzu ko ya jira rangwame, amma da wuya ka ji mai tambayar wa zai tsaya wa batirin nan shekara takwas masu zuwa. Wannan tambayar ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba.

Kamfanonin kirki suna ba batir garanti na shekara takwas ko kilomita 160,000, yawanci da alkawarin cewa in ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari a wannan tsakanin za su gyara ko su canja. Wannan takardar wani ɓangare ne na abin da kake saye. Motar da ba ta da ita ba a rage maka kuɗinta ba, an cire mata wani abu ne aka sayar maka da saura. "In wani abu ya faru ka kira ni" kuwa ba garanti ba ne. Ranar da batir ya ba da matsala, mutumin nan ba shi da na'urar da zai karanta laifin, ba shi da izinin shiga manhajar kamfanin, ba shi da kuɗin sabon batir. Ko yana da kyakkyawar niyya, ba abin da zai iya.

Dubi abubuwa biyu da suka faru a Amurka. A 2021 General Motors ta yi wa dukan motocinta Chevrolet Bolt kiranye, kimanin 140,000, saboda lahani a batir da kan iya tayar da gobara. An wahala, har an ce wa mutane su riƙa ajiye motar a waje nesa da gida. Amma kamfanin yana nan, shi da LG da ya ƙera batirin suka ɗauki nauyin gyaran. Sai kuma Fisker. A Maris ɗin 2024 ya karya farashin motarsa Ocean, samfurin da ya fi tsada ya faɗo daga dala 61,499 zuwa 37,499. Rangwame mai daɗin ji. Watan Yuni na wannan shekarar kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki, masu motar suka koma haɗa ƙungiya suna neman kayan gyara da wanda zai kula musu da manhaja. A Sin ma, da WM Motor ya durƙushe a 2023, masu motocinsa sun yi ta kukan rashin kayan gyara da manhajar waya da ta daina aiki. Ragi mai yawa a kan sabuwar mota wani lokaci gasa ce tsakanin kamfanoni, wani lokaci kuma kamfani ne yake kakkaɓe kaya kafin ya rufe ƙofa. Sai ka bincika kafin ka san wanne ne.

Akwai wani salon kuma da ya yi ƙamari a Sin har hukumomi suka sa baki a 2025: a yi wa sabuwar mota rajista don a ƙirga ta cikin waɗanda aka sayar, sannan a fitar da ita a matsayin ta hannu alhali ba ta taka ko'ina ba. A ido sabuwa ce fil. A takarda kuwa kai ne mai ita na biyu, kuma wasu alkawuran kamfani mai saye na farko kaɗai suka shafa, a cikin ƙasar da aka sayar da ita.

Ko bakin caji ma ba iri ɗaya ba ne a duniya. Turai na amfani da CCS2, Sin na da GB/T, tsofaffin motocin Japan CHAdeMO, Arewacin Amurka kuma ta karkata ga irin na Tesla. Motar da aka ƙera don wata kasuwa tana iya zuwa da bakin da bai dace da tashoshin cajin da ke kusa da kai ba, allonta kuma da harshen da ba ka ji. Daga nan sai a fara neman mahaɗi mai arha da caja marar suna, waɗanda jabunsu ya cika kasuwa. Caja tana jan wuta mai nauyi awanni a jere, sau da yawa cikin dare kana barci da iyalinka. Siririyar waya ko soket mai sako-sako zafi yake ɗauka. A ce mutum ya zuba dukiya a mota sannan ya tsaya tsimin kuɗin caja da na ƙwararren mai haɗa wuta, wallahi wannan yana ba ni takaici. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gida takan ci.

Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, karɓi lambar jikin motar ka aika wa kamfanin da kansa, ka tambaye su a rubuce ko garantinta yana aiki a ƙasar da kake. Je ka ga garejin da zai duba ta da idonka, ka tambayi makanikan ko sun taɓa buɗe irinta. Tambayi tsawon lokacin da gilashin gaba ko fitila ke ɗauka kafin su iso. Tambayi kamfanin inshora nawa zai karɓa, don gyaran waɗannan motocin bayan karo yana da tsada. Yana cikin dalilan da Hertz mai ba da hayar motoci ya bayar da ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000. In amsa ɗaya ta zo da kame-kame, bar musu motarsu. Kuma kai da ka fara aiki yanzu, kada in ji ka ci bashi mai ruwa a kan abin da darajarsa za ta iya zubewa kafin ka biya rabi.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, nakan yi tafiya mai nisa kullum zuwa aiki. Tsohuwar motata ta gaji, kuɗin fetur da na gyara sun ishe ni. Na daɗe ina tari, makon jiya na biya kuɗin motar lantarki wurin wakilin kamfani. Tun ranar ba na barci, ina tsoron a rage farashi gobe in zama na yi wauta.
Daga wata 'yar'uwa

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ki yi wauta ba. Shawarar jira ta wanda motarsa ke da lafiya ce. Ke kowane wata da kika ƙara sai kin zuba fetur, kin biya makanike, ga fargabar mutuwar mota a hanya bayan aikin dare. Wannan ma kuɗi ne, kuma ba ya dawowa. Faɗuwar farashi tana cizon wanda zai sayar bayan shekara ɗaya ko biyu. Wadda za ta riƙe motarta shekara takwas ko goma ba ruwanta sosai da abin da aka rubuta a allon dila wata mai zuwa. Kin saya da guminki, ba bashi, kuma wurin wakili na gaskiya. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya.

Abu biyu kawai zan roƙe ki. Tambayi wakilin wane irin batir ne a ciki. In LFP ne, wato irin batirin da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet ba tare da nikel ba, yana jure zafi kuma ba ya damuwa da a cika shi. In mai nikel ne, tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum, ki bar cikawa sai za ki yi doguwar tafiya. Sannan ki riƙa neman inuwa wajen ajiye ta, don zafi yana tsufar da batir. Masu Nissan Leaf na farko a jihar Arizona mai zafi ta Amurka sun ga haka tun 2012, saboda batirinta ba shi da tsarin sanyaya na ruwa. Yawancin motocin yanzu suna da shi, amma ki tabbatar taki ma tana da shi.

Tambaya: In na saya, ba zan iya sa wa tayar dinamo ba don ta riƙa cajin kanta tana tafiya, in huta da caji gaba ɗaya?
Daga wani mai karatu

Amsa: A'a. Ƙarfin da zai juya dinamon daga batirin zai fito, kuma abin da zai mayar bai kai abin da ya ci ba. Motar da kanta tana mayar da ɗan caji idan ka taka burki ko kana gangara, iyakar abin da za a samu ke nan. In ka bari wani ya taɓa mata wayoyi da wannan sunan, garantinka ya tafi, kuma wutar da ke cikin batirin nan ta kai ƙarfin ɗaruruwan volt, tana kisa.

Tambaya: Gidan haya nake, babu inda zan yi caji, tashar caji kuma tana da nisa da ni. In aka yi rangwame mai kyau in saya?
Daga wani magidanci

Amsa: Kada ka saya, Malam, ko an raba kuɗin biyu. Sauƙin motar lantarki yana wurin cajin gida ko na wurin aiki. Cajin sauri na tasha ya fi tsada, ga zaman jira. Fara magana da mai gidan ko da shugabanninka a wurin aiki a kan inda za a kafa caja. In an samu, sake rubuto mini mu duba wace mota ce ta dace da kai.