Ga mai shirin jarrabawar aikin gandiroba a Ingila

Ƙanena, sallama. Ka ce ka gama bautar ƙasa, ka ji ana ɗaukar 'yan Najeriya aikin gidan yari a nan, amma jarrabawar lissafi da ta Turanci ce ke hana ka barci, don rabonka da lissafi tun sakandare. Aikin da nake yi ke nan, don haka bari in gaya maka yadda abin yake.

Kafin ka sayi littafi ko ɗaya, duba maganar biza. A watan Oktoba na 2023 aka buɗe ƙofar ɗaukar gandirobobi daga waje da bizar ƙwararrun ma'aikata, mutanenmu kuwa suka shigo da yawa. A watan Yuli na 2025 sai gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema don wannan biza zuwa fam 41,700 a shekara, kuma albashin sabon gandiroba a yawancin gidajen yarin da ke wajen Landan bai kai haka ba. Ka karanta tallar aikin da idonka a shafin hukumar gidajen yari ta Ingila da Wales, wato HMPPS, ka ga ko an rubuta cewa za su ɗauki nauyin bizarka. Cika fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ko ya zauna maka jarrabawa, cutarka zai yi.

Ita jarrabawar kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ba a neman digiri a wannan aiki, kuma babu wanda zai tambaye ka aljabara. Abin da suke son sani shi ne ko za ka iya ƙirga mutane daidai alhali ana hayaniya a kanka. Sau da yawa a yini ana ƙidayar fursunoni, kowane sashe ya aika adadinsa, a haɗa. In mutum ɗaya ya yi ƙasa, komai tsayawa yake: ba fita aiki, ba zirga-zirga, sai an sake ƙirgawa adadi ya daidaita. Tambayoyin daga nan suke fitowa. Misali, bene uku, ɗaya da mutum 58, ɗaya 61, ɗaya 57. An kai 4 kotu, 2 suna asibiti, an kawo sababbi 3. Nawa ne a sashen yanzu? 173. Yaron firamare zai iya, amma agogo na tafiya, kuma cikin gaggawa ne ake mance da ukun nan da aka kawo.

Ka saba da agogon awa 24 har ya zame maka jiki. In an ce ziyara ta fara 14:45 kuma minti 50 ce, 15:35 ta zo maka ba tare da ƙirga yatsu ba. Ka koyi ciro amsa daga jadawali, da kashi cikin ɗari, da haɗa fam da feni, don fursuna zai tare ka a kan kuɗin sayayyarsa ta mako, kuma shi ya san lissafinsa har feni ɗaya. Shafin intanet na BBC Bitesize na da darussan lissafi da Turanci na manya kyauta. Ka riƙa yin kaɗan kullum, ka kafa wa kanka lokaci a waya.

Turancin ne ya fi damuna da mutanenmu, musamman masu digiri. An koya mana rubutu mai ado, dogayen jimloli da manyan kalmomi, a fara da ladabi kafin a zo ga magana. A nan rahoto ake so. Za a nuna maka wani abu da ya faru, ko a ba ka bayani ka karanta, a ce ka rubuta. Ka faɗi lokaci, da wuri, da waɗanda ke wurin, da abin da idonka ya gani, da abin da ka yi, bi da bi. "Da ƙarfe 14:20, a bene na biyu, na ga wane ya ture wane da hannun dama, ya faɗi, na danna ƙararrawa." Shi ke nan. Kada ka rubuta cewa ya yi niyyar ji masa rauni, don ba ka shiga zuciyarsa ba. Wannan takarda ita za a karanta gaban shugaban gidan yari in an zo sauraron laifin, wani lokaci har ta kai kotu, kuma kalma ɗaya da ka ƙara ta zato za ta iya jawo wa bawan Allah hukuncin da bai cancanta ba. Ka riƙa kallon gajeren bidiyo ka rubuta abin da ya faru cikin layi shida, sannan ka ba wani ya soke duk abin da ba gani ka yi ba.

Ka kuma horar da kunnenka. Turancin mutumin Liverpool ko Newcastle ba irin na labaran BBC ba ne, kuma akwai matakin da wani zai fito a matsayin fursuna mai fushi, a ga yadda za ka saurare shi ka lallashe shi. Tsawa da nuna iko faɗuwa suke jawowa.

Tsarin matakan yana sauyawa, don haka saƙon gayyatar da za su aiko maka shi ne madogara, ka karanta shi har ƙarshe. Tunda ta intanet ake yi, ka tanadi kwamfuta mai kyamara, da data, da wuta, da ɗakin da yara ba za su shigo ba. Akwai kuma gwajin lafiya da na gudu tsakanin layi biyu masu nisan mita 15, sai ka fara motsa jiki tun yanzu.

Ka rubuta rahoton gwaji ɗaya a makon nan ka turo mini in duba. Ka gaida su Baba.