Amsa: Jarina ya karye bara, daga ina zan fara bana?

Malam, ka ce bara jari ya karye, bashi ya taru, kana neman yadda za ka tsara burin bana. Allah Ya mayar maka da alheri.

Kafin kowane buri, ɗauki biro da littafi ka rubuta duk mai binka: nawa ne, yaushe kuka yi za a biya. Da yawa suna tsallake wannan don tsoron ganin jimilla, sai mai bashi ya zo bakin shago ya wargaza musu lissafi. Ka je ka sami masu binka bashin da kanka, ku yanka abin da za ka iya bayarwa duk wata.

Buri kada ya wuce uku, kowanne da adadi da rana. "Zan yi tanadi" fata ce kawai. Maimakon haka ka ce za ka zuba naira 1,000 kullum a asusu ban da Juma'a, wato kusan 26,000 a wata. Kuɗin jari da na cefane kuma kada su kwana a aljihu ɗaya, ta nan uwar kuɗi ke zurarewa ba a sani ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne azumi, kayan sallah, layya da kuɗin makaranta. Sa musu alama a kalanda tun yanzu, a watanninsu ka rage zubin zuwa rabi maimakon fasa asusu.

In za ka shiga adashi, kwasar farko bashi ce, ka nemi ta tsakiya. Duk Juma'a da yamma ka buɗe littafin ka duba.