Amsa: Yadda ake auna ƙurar da ke sa ruwan gajimare ya daskare

Malam, ka tambaya ko ƙurar hunturu da ke lulluɓe gonakinmu a Gumel tana da hannu wajen samuwar ƙanƙara a gajimare, da yadda ake auna ta. Tana da hannu ƙwarai, domin ɗigon ruwa tsantsa yakan kai kusan digiri 38 ƙasa da sifili bai daskare ba, sai in ya sami ƙwayar ƙurar da zai kama. Masana sukan zuƙo iska ta cikin mataci, su wanke abin da ya tare da tataccen ruwa, su jera ruwan ɗigo-ɗigo a faranti, suna sanyaya shi a hankali suna ƙirga waɗanda suka daskare a kowane mataki na sanyi. A ganina yankinmu ya cancanci wannan awo, tunda ƙura mai yawa tana iso mana daga Bodele a ƙasar Chadi.